Tafin da Ya Rufe Shinhyop

Dolgogae, ƙarshen damina

Zuwa ga yayana, Oppa Du-chol,

Gaisuwa mai yawa da girmamawa daga ƙanwarka. Ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka Bok-nam da yaran duka. Yaya sanyin Buenos Aires, tunda ka ce lokacin da muke zufa ku kuke rawar ɗari? Yaya shago, yaya ciniki? Allah ya sauƙaƙa maka ciwon gwiwar nan, ya sa albarka a neman da kake yi, ya tsare ku a ƙasar mutane. Mu nan muna nan da rai. Maigidana, baban Hye-rim, kullum yana kan titi da motar kabeji, sai in kwana biyu ban ga ƙeyarsa ba, in ya dawo kuma barci ne kawai ke haɗa shi da gida. 'Yarmu Hye-rim ta samu aiki a wani asibitin haƙori a Wonju, tana kira ranar Lahadi in ta tuna tana da uwa. Masara ta yi kyau bana, dankali kuwa ruwa ya ruɓar da rabi a ƙasa.

Na san za ka ce me ya sami Mal-suk take rubuta takarda alhali ga waya. Wayar ce ta gajiyar da ni. Duk sa'ad da na kira, ko kana buɗe shago ko kana hamma, da na fara magana sai ka katse ni da cewa za ka turo kuɗi. To wannan karon ka zauna ka karanta har ƙarshe kafin ka ɗaga waya ka yi mini faɗa. Maganar Omma ce. Ka sha ji na ina cika baki cewa muddin ina numfashi mahaifiyarmu ba za ta kwana a gidan tsofaffi ba, a ɗakinta za ta ƙare kwananta. A kan wannan ne nake so in gaya maka yadda shekarar nan ta yi da ni.

Ranar da muka yi waya ta ƙarshe ka faɗi wata magana da har yau take ci mini rai. Ka ce in an rufe shinhyop ai sai a mayar da ɗan abin da Omma ta ajiye wani wuri, banki ne dai kamar kowane banki. Haba Oppa! Zaman can ya wanke maka kai ne? A takarda, i, ƙungiyar ajiya da lamuni ce ta membobi, wadda su Omma da sauran matan masu haƙar kwal suka kafa a ɗakin ƙasan coci, lokacin da babu bankin da zai kalli mutum mai baƙin farce. Amma wa ka taɓa ji a garin nan ya ce shinhyop yana nufin kuɗi kawai? Inda bas ke tsayawa sunansa gaban shinhyop. Lemar da ke bayan ƙofar kowa ta shinhyop ce, tawul ɗin wanka ma haka, kalandar bango ma haka. In mace ta ce za ta shinhyop, kowa ya san za ta je ne ta zauna a bencin da ke kusa da hita mai ɗumama ɗaki, ta sha shayin sha'ir kyauta, ta ji wa ya mutu, ɗan wa ya saki matarsa. In aka ce wane ɗan shinhyop ne, to ka ba shi makullin gidanka ka yi tafiyarka. Tsofaffi in suna tsokanar juna sai ka ji ɗaya tana ce wa ɗaya ta rage cin gishiri, kar shinhyop ta aiko mata da furanni, tunda su ke fara kawo furen makoki kafin ma dangi su iso. Kai kanka da kana yaro, in Omma ta ɓace maka, ina kake zuwa nemanta kana jan majina?

Ba ka ga Omma ba tun da mantuwa ta kama ta da gaske, muryarta kawai kake ji, kuma a waya tana iya yaudarar mutum. Takan ci abinci ta tashi ta tambaye ni yaushe za a ci. Wani lokaci ta kira ni da sunan ƙanwarta Sun-dok. Da yamma takan leƙa waje ta ce Appa, mahaifinmu, bai fito daga ramin kwal ba har yanzu, mutumin da ƙurar kwal ta cinye huhunsa muka binne tun Hye-rim tana goye. Amma ƙafarta ba ta taɓa manta hanya ɗaya ba. Kullum da safe ta shafa hoda, ta sa falmaran ɗin nan mai ruwan goro, ta rataya jaka, ta gangara ta wuce kantin magani ta shiga shinhyop. Can akwai Malama Yom, wadda tsofaffi har yau suke kira yarinyar shinhyop alhali furfura ta gama cin kanta. Ita za ta zaunar da ita, ta ba ta shayi, ta tara mata takardun talla ta ce ta taimaka ta ninke. Omma ta ɗauka aiki take yi. Duk wanda ya shigo sai ta ce masa ya goge ƙafa, kuma su goge, har ɗan sanda. Da rana su raba abinci ita da Malama Yom, ni kuwa in masu cin abincin rana sun watse daga shagona sai in cire atamfar girki in je in ɗauko ta. Da wannan na riƙe shago na riƙe Omma a lokaci guda. Ban taɓa biyan kowa ko sisi ba, ban ma taɓa tunanin abin zai iya ƙarewa ba.

To sai babban taron shekara ya zo, cikin sanyin nan na watan biyu. Ka san tun bayan rufe mahaƙa aka haɗe tamu da ta babban gari, tamu ta koma reshe. Bana a zauren makarantarmu aka yi taron, ni aka ba kwangilar miyar da za a ci. Kai ma ka san abin da ke kai mutanenmu taron nan. A ƙofa a ba ka kaskon suya da 'yar lamba, a ƙarshe a zaro lambobi daga akwati a raba kyauta, talabijin, tukunyar shinkafa ta lantarki, buhunan shinkafa, keke. Duk abin da ke tsakanin ƙofa da akwatin nan jira ne kawai. Shugaba ya karanta abu, ya ce in babu mai ja a nuna amincewa da tafi, a tafa, ya wuce na gaba. Haka muka taso muka gani, kuma shekara da shekaru babu abin da ya ɓaci, domin abin da ake tafa wa bai wuce albashin mai gadi da fentin bango ba.

A cikin shirin bana akwai wani layi da shugaba ya kira daidaita rassa. Mutum ɗaya ne ya miƙe, Baba Pyo, abokin Appa na rami. Ya dafa sanda ya ce yana so a fassara masa wannan daidaitawar da harshen mutane, wane reshe ne ya karkace da za a daidaita shi. Kafin ya rufe baki tari ya sarƙe shi. Ai kuwa zaure ya ɗauka. Wata daga baya ta ce tsoho ya zauna, in ya fara tarin nan sai an kai gobe. Wani ya ce miya tana hucewa. Matar mai kantin magani ta ce in ya gaji da zama ya bar mata lambarsa ya tafi gida. Shugaba ya ba shi amsa da dogon turanci irin na ofis, wanda ba kai ba gindi, sannan ya ce in babu mai ja a tafa. Ina bayan zaure a kan tukwane na ji tafin, raf-raf-raf, har na ce madalla, sun kusa gamawa in zuba in huta. Da na leƙo, wa zan gani a layin gaba ta ɗaga hannuwa sama tana tafi ta fi kowa, fuskarta fal murna? Omma. Ita yanzu in ta ga ana tafi sai ta tafa. Baba Pyo kuwa shi ya ci keken, mutumin da ba ya hawa dakalin gidansa sai ya tsaya ya huta. Aka yi ta dariya, shi ma ya yi.

Da dusar ƙanƙara ta narke aka liƙa sanarwa a ƙofar shinhyop cewa za a rufe reshenmu. A nan ne mutane suka farka. Suka cika bas suka tafi wurin shugaba, har da masu kuka. Ya karɓe su da shayi, ya ce shi ma'aikacinsu ne, su ne masu ƙungiya, kuma su suka tafa. Ya ce reshen ya daɗe ba ya ɗaukar nauyin kansa, garin da babu haihuwa sai jana'iza. Oppa, abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mutumin nan bai yi ƙarya ba. Da cutarmu aka yi da na samu wanda zan zaga in ji sanyi. Suka dawo kowa yana cewa shi bai tafa ba, hannun na kusa da shi ne. Aka ja ƙofar ƙarfe, aka bar mana na'urar cirar kuɗi a jikin bango, aka mayar da Malama Yom babban gari.

Washegari Omma ta shafa hoda ta gangara. Mai kantin magani ne ya kira ni, ya ce in zo, ga ta nan tsaye tana ƙwanƙwasa ƙarfe tana cewa yaran nan sun makara. Na dawo da ita, na yi mata bayani, ta ce to. Gobe ta koma. Jibi ta koma. Babu abin da ban gwada ba. Na zaunar da ita a shago na ba ta tafarnuwa ta ɓare, ta ce ita ba 'yar aikina ba ce, tana da wurin aikinta. Na kai ta zauren tsofaffi na unguwa, ta dubi matan da ke karta ta ce ita me za ta yi a cikin tsofaffi, alhali ta girme su duka. Na kai ta coci, ta zauna har aka gama addu'a, ta ce to yanzu sai shinhyop. Hannuna yana cikin ƙullun dankali, in ɗaga kai in ga kujera wayam. Sau nawa na bar tukunya a wuta na fita da gudu, ni kaina ban sani ba. Masu ci suka fara raguwa, don ba wanda zai zo ya zauna jiran mai abinci tana zagaye gari. Rana ɗaya na kulle ta a ɗaki. Ba zan ɓoye maka ba, na kulle ta. Ta yi ta dukan ƙofa tana cewa ita ba ɓarauniya ba ce, me ta sata. Na zauna a bakin ƙofar ina kuka, tana kuka, ban ƙara ba.

Ranar da abin ya ƙare kuwa ana tsakiyar ruwan nan ne da ba ya ɗaukewa. Ta sulale ta tsaya a gaban ƙofar ƙarfe, bas ya zo, ta shiga don ruwa. Da tsohon direbanmu ne da ya sauke ta a ƙofar shagona ya yi mini tsiya ya wuce. Amma ya yi ritaya, wanda ke kai yanzu baƙo ne. Ya tambaye ta ina za ta, ta ce shinhyop. Shi kuwa shinhyop ɗaya ya sani, ta babban gari. Bawan Allah ya kai ta har ƙofa, ya riƙe mata hannu ta sauka. Ka ji fa, a ƙofar wurin da Malama Yom take zaune a ciki. Omma ta dubi ginin gilashi mai ƙofar da ke buɗe kanta, ba benci, ba tukunyar shayi, ta ce wannan ba ita ba ce, ta miƙi titi tana nema. Ni ina nan ina bin kwalbati da bakin rafi da atamfar girki a jikina, ina kiran Omma kamar mahaukaciya. Sai dab da faɗuwar rana 'yan sanda suka same ta a ƙarƙashin gada, jiƙe sharkaf, takalmi ɗaya, hannun hagu a karye. Da ta gan ni a asibiti ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi in yi sauri in kai ta, yarinyar can tana jiranta da takardu.

Baban Hye-rim, wanda ka san magana ba ta dame shi ba, shi ya faɗi abin da na kasa faɗa. A barandar asibiti ya ce mini, maman Hye-rim, yau hannu ne, gobe kogi ne, kuma in kika faɗi ke ma ba shi da hannun ɗaukar mutum biyu. Na zage shi. Na ce don ba uwarsa ba ce. Ya bar ni na gama, sannan ya nuna mini ƙunar da ke hannuna, wadda na samu ranar da barci ya ɗauke ni a tsaye a gaban murhu. Bayan an cire mata filasta na je gidan tsofaffi na sistocin coci, wanda ke kan tudu bayan babban gari. Wuri ne mai tsabta, ba ya wari, tagoginsa suna kallon gonakin kabeji. Na sa hannu.

Saura yadda za a kai ta. Da ta ji kalmar gidan tsofaffi a bakin likita sai da ta jefe shi da kofi. Na kwana biyu ina juya abin, sannan na je na sami Malama Yom a sabon wurin aikinta. Ban san da wane baki na roƙe ta ba. Ta cire tabarau ta daɗe tana gogewa, ta ce ita a rayuwarta ba ta taɓa yi wa memba ƙarya ba, sannan ta tambaye ni wace rana nake so ta zo.

Ranar Asabar da ta wuce Omma ta tashi ta yi mini tambayar da take yi kullum, ko yaran nan sun buɗe. Na ce sun buɗe, Omma, sabon gini suka koma, da mota za mu. Oppa, da ka ga fuskarta. Ta shafa hoda har sau biyu, ta nemi jan baki, ta ce in goge mata falmaran kar ta ba da kunya a sabon wuri. A mota tana ta waƙar coci, tana bugun gwiwa, tana ce wa baban Hye-rim ya taka mana, tuƙinsa kamar na mai ɗauke da ƙwai. Akwatin kayanta yana cikin but a bayan mota, ba ta gani ba. Da muka shiga gidan sistocin, ga Malama Yom tsaye a bayan kantar karɓar baƙi, cikin rigar aikinta, da kofin shayin sha'ir a hannu. Omma ta hau ta da faɗa, wai ita wace irin yarinya ce da za ta kwashe kaya ta canza gida ba ta gaya wa manya ba, ta sa an yi ta wahala. Malama Yom ta sunkuya ta ce ta yi kuskure, a yi mata haƙuri. Omma ta dubi ƙasa ta ce to ba laifi, nan ma da tsabta. Ta nemi benci ta zauna, ta ɗora jaka a cinya. Sai ta waiwayo ta gan ni, ta kore ni da hannu, wai me nake yi tsaye kamar an dasa ni, in tafi kar miya ta ƙone, in masu ci sun watse in zo in ɗauke ta, kuma kar in makara. Na ce to, Omma. Na fita ban waiwaya ba, don na san in na waiwaya da ita zan dawo.

Sistoci sun ce kar in je sai ta yi 'yan makonni ta saba, wai ganina zai tayar mata da komai. Ina kira kullum. Sun ce da safe lafiya lau take, tana ninke musu tawul, tana sa baƙi su goge ƙafa. Amma da an gama abincin rana sai ta sa takalmi, ta rungume jaka, ta zauna tana kallon ƙofa har yamma. Ni ma a nan, in shago ya watse sai in ga na cire atamfa na nufi ƙofa, sannan in tuna. Kuma ina barci yanzu, Oppa, barci mai nauyi irin wanda na manta da shi, in farka ina jin kunyar kaina. Ba izininka nake nema ba, an riga an yi. In za ka yi fushi ka yi, ni dai ba ni da ƙarfin mayar maka.

Ka gaishe mini da Bok-nam, ka ce na gode da man shafawar da ta aiko wa Omma, yana cikin akwatinta. Ka gaishe da ɗanka Jin-gu da matarsa, da 'yar jikarka Lusiya da har yau a hoto kawai na san ta. Inna Sun-dok tana gaishe ka, ban gaya mata ba tukuna. Baban Hye-rim da Hye-rim suna gaisuwa.

Abu ɗaya nake roƙonka, kuma ba kuɗi ba ne. Na rubuta lambar sistoci a bayan takardar nan. Ka kira ta bayan abincin rana na nan, na san a wurinku barci ne, ka tashi. Har yanzu tana gane muryarka. Za ta ce maka tana shinhyop tana jiran Mal-suk. Kar ka gyara mata. Ka ce kun yi magana da ni, masu ci ne suka yi yawa yau, ina hanya.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Mal-suk